Daga Tsarkiyar Molo Zuwa Taimin Bel: Yadda Aka Koyi Auna Ɗamewa

Idan ka taɓa shiga motar haya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, ka san Ambursa, garin da filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake gefensa. A nan wata Golf da muka shiga ta tsaya da mu cikin zafin watan Afrilu. Direba ya ce tun safe yake jin wani siririn kuka daga gaban injin, kamar na sauro a kunne, kuma da ya ƙara taka mota sai kukan ya ƙaru. Kwana biyu ke nan da aka sa masa sabon taimin bel. Wani dattijon bakanike da ke bakin hanya ya ce a bari injin ya huce tukuna. Da ya huce, sai ya cire murfin roba, ya kama bel ɗin da babban yatsa da manuni, ya murɗa. Da ƙyar ya motsa. Ya dubi direba ya ce, "Wanda yas sa maka wanga ya ɗame shi kamar kalangu."

Na ce, "Baba, da me ake gane ya yi daidai?"

Ya ce, "Ɗana, hannu ka hwaɗi."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a kai, domin tana da gaskiya, amma gaskiyar tana da iyaka. Kafin ka ga inda iyakar take, sai ka san aikin da bel ɗin yake yi.

Injin mota yana da sanduna biyu masu juyawa da dole su tafi tare. Na ƙasa shi ne kiranshaf, wanda fistan ke turawa. Na sama shi ne kamshaf, mai buɗe bawul da rufe su domin iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. A irin injin da Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a 1876, wanda har gobe shi ne a cikin motocinmu, kiranshaf yana juyawa sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya. Idan injin yana juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa guda. Taimin bel, wato ɗamarar roba mai haƙora, shi ke riƙe da wannan lissafi. A ce fulin kamshaf yana da haƙora 40. Idan bel ya yi sako-sako ya tsallake haƙori ɗaya tak, kamshaf ya kauce da digiri 9, wanda a wajen kiranshaf digiri 18 ne. Mota za ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai. Idan ya tsallake haƙora da yawa ko ya tsinke, to a injinan dizal da mafi yawan masu bawul 16, fistan zai taso ya tarar da bawul a buɗe ya lanƙwasa shi. Ga direban haya, wannan yana nufin kwance kan injin, da kwanaki ba aiki, da bashin kayan gyara.

Idan kuma an ɗame shi fiye da kima, kamar namu na Ambursa, sai ya riƙa jan fulin famfon ruwa da na tenshina har boris ɗinsu ya ci, zaren cikinsa kuma ya gaji da wuri. Ka ga ke nan hatsarin yana ɓangare biyu, kuma daidai ɗin yana cikin wani ɗan siririn tsakani.

Zamanin da yatsa ya wadatar

Bel ya girmi mota. A masana'antun Ingila da Amurka na ƙarni na 19, injin tururi guda ɗaya ke juya wani dogon sandan ƙarfe a saman rufi, daga nan bel-bel na fata su sauko su juya kowace na'ura. Wannan tsari bai ɓace ba. Je ka wurin mai injin niƙa ko mai casar shinkafa a kowane gari na fadamar Rima, za ka ga ɗan'uwansa: injin dizal irin na Lister a gefe, dogon bel mai faɗi yana kaɗawa zuwa na'urar.

Irin wannan bel ba shi da haƙora, da gogayya kawai yake kama fuli. Ka san yadda makiyayi ke naɗa igiyar bijimi sau biyu ko uku a jikin itace, sai yaro ƙarami ya iya riƙe ƙarshenta? Leonhard Euler ya yi lissafin wannan a 1762, Johann Eytelwein kuma ya shigar da shi littafin injiniyoyi a 1808. Abin da lissafin ya nuna shi ne ƙarfin riƙon yana ninkuwa ne da kowane ƙarin naɗi, kuma sai igiyar tana da ɗan ɗamewa tun farko kafin ta kama. Haka bel yake. Amma yana da wani kirki guda: idan ya yi sako-sako, da kansa yake faɗa. Zai riƙa zamewa, ya yi ƙara, ya yi zafi, niƙa ta ƙi fita. Mai inji ya kashe, ya ja injin baya kaɗan, ya ci gaba. Ba abin da ya fashe. Bel mai siffar V, irin na fanka da altaneta, wanda John Gates ya ƙirƙiro a birnin Denba na Amurka a 1917, shi ma haka halinsa yake. Wannan ƙugin da kake ji idan an tayar da tsohuwar mota da sassafe, shi ne yake neman a ƙara ɗame shi.

A wannan duniyar yatsa ya samu sarautarsa, kuma ya cancanta. Injiniyoyi ma ba su raina shi ba, sai dai suka sa masa lamba. Ƙa'idar da littattafan bel suka daɗe suna bayarwa ita ce ka danna tsakiyar bel har ya lotsa da kashi 1 cikin 64 na tazarar da ke tsakanin fuli biyu, wato kusan milimita 16 a kowace mita, sannan ka auna ƙarfin da ka danna da shi. Lissafi ya nuna ƙarfin dannawar yana kusan kashi 1 cikin 16 na ɗamewar bel ɗin. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bel ya yi haƙora

Abin mamaki, ba don mota aka fara yin bel mai haƙora ba. Don keken ɗinki ne. A keken ɗinki, allura da ƙoshiyar da ke ƙasa dole su haɗu a daidai lokaci guda, in ba haka ba zare ya harɗe. A tsakiyar shekarun 1940, wani injiniya mai suna Richard Case na kamfanin Gilmer a Amurka ya ƙera bel na roba mai haƙora da zaren ƙarfe a ciki domin kekunan Singer. Zaren ne sirrin. Shi ke hana robar miƙewa, don haka tazarar haƙori da haƙori ba ta canzawa.

Masu mota sun ɗan jima kafin su yarda da shi. Bill Devin ya sa shi a motar tsere a 1954. Motar kasuwa ta farko da ta fito da shi ita ce Glas 1004 ta Jamus a 1962, sai Pontiac da Fiat a 1966. Ya fi sarƙa arha, ya fi ta shiru, ba ya buƙatar mai. Daga baya aka maye zaren ƙarfe da zaren gilashi.

To a nan tsohuwar dabara ta fara samun matsala. Bel mai haƙora ba ya zamewa, saboda haka ba ya gargaɗi irin na bel ɗin injin niƙa. Kuma tunda zarensa ba ya miƙewa, matsar da tenshina da rabin milimita yana iya canza ɗamewar sosai. Ɗauki misali. A ce tazarar fuli biyu santimita 25 ce, ana son ɗamewa ta niyuton 250, wato kamar ka rataya rabin buhun shinkafa a jikin bel ɗin. Bisa waccan ƙa'ida, za ka danna da ƙarfin kusan kilo ɗaya da rabi, bel ya lotsa da milimita 4. Kuskuren milimita 1 kacal, wanda ido ba ya ko lura da shi a cikin duhun injin, ya zama kuskuren kashi ɗaya cikin huɗu. Ga shi babban yatsan kowa da irin ƙarfinsa.

Mu a nan, bel ɗin ya iso mana a makare. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 sarƙa take amfani da ita, Volkswagen Beetle da aka haɗa a Legas kuwa giya ce ke juya mata kamshaf. Iyayen gidan kanikawanmu na yau a kan waɗannan suka koyi aiki. Bayan tsarin SAP na 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, sai 'yan Kwatano suka cika hanya: Golf, Civic, Corolla, Carina, kusan duk da bel. Motocin sun zo, amma littattafan gyaransu da ma'aunansu ba su biyo su ba. A ganina wannan giɓi ne ya sa har yanzu ake ɗame taimin bel da tunanin bel ɗin fanka, wato "gara ya yi tauri da ya zame".

Kowane kamfani kuwa da hanyar da ya bi. Volkswagen, a tsofaffin injinan Golf masu bawul 8, ya ce a kama bel a tsakiyar doguwar tazara a murɗa shi da yatsu biyu: idan da ƙyar ya kai kwata na zagaye, digiri 90, ya yi daidai. Ka ga ashe dattijon Ambursa ba camfi yake yi ba. Abin da littafin motar ya ce ne yake yi, ko da bai taɓa ganin littafin ba, ya gaje shi daga hannu zuwa hannu. Honda ya bar wa sifirin aikin: ka sassauta ƙusar tenshina, ka juya injin haƙora uku, sifirin ya ja bel da kansa, ka ɗaure. Peugeot da Citroën suka ce sam, sai da na'ura, wata ma'auni ta lantarki mai suna SEEM da ake maƙala wa bel ta nuna lamba. Peugeot 406 ta yi yawa a ƙasar nan, amma ban taɓa cin karo da wannan na'ura a garejin bakin hanya ba.

Tsarkiya ta dawo

Hanyar da ta fi duk waɗannan daidaito ta fito ne daga wajen makaɗa, kuma ta girmi mota da shekaru ɗaruruwa.

Duk mai kaɗa molo ko garaya ko kuntigi ya san idan ya ɗame tsarkiya muryarta tana ƙara kaifi, idan ya sassauta ta yi kauri. Mai kalangu ma da hammatarsa yake yin haka, yana matse igiyoyin gefe fata ta ɗame. Tambayar ita ce, nawa za a ƙara ɗamewa kafin murya ta hau zuwa wani mataki? Girkawa sun bar wani labari cewa Pythagoras ya rataya nauyi iri-iri a jikin tsarkiyoyi, ya gano cewa idan ka ninka nauyi sau biyu, kaifin murya ma ya ninka. Malaman Turai sun yi ta kwafar wannan labari daga littafi zuwa littafi sama da shekara dubu. Ba wanda ya ɗauko igiya da dutse ya gwada.

Wanda ya gwada makaɗi ne, Vincenzo Galilei na Italiya, mahaifin Galileo. Wajen 1589 ya rataya nauyi da hannunsa, ya tarar labarin ƙarya ne. Kafin kaifin murya ya ninka sau biyu, sai an ninka nauyi sau huɗu. Ina son wannan labari ƙwarai, domin mai sana'a ne ya gyara wa malamai kuskure, kuma da kunne ya yi.

Marin Mersenne, wani malamin coci a Faris, shi ya kammala aikin a littafinsa Harmonie universelle na 1636. Dabararsa mai sauƙi ce: ya miƙa igiyoyi dogaye ƙwarai, masu kaɗawa a hankali har ido ya iya ƙirga su, daga nan ya lissafa na gajeru. Ya fitar da dokoki uku. Yawan kaɗawar tsarkiya yana raguwa idan ta ƙara tsawo, yana raguwa idan ta ƙara nauyi, yana ƙaruwa idan an ƙara ɗame ta. Wajen 1713, Brook Taylor a Ingila ya haɗa su cikin lissafi guda daga dokokin Newton. Idan ka yi kimiyya a sakandare, wannan ne gwajin sonomita, akwatin katakon nan mai waya da nauyi a rataye, wanda da yawanmu muka haddace don jarrabawa muka manta.

Yanzu juya lissafin baya. Makaɗi ya san ɗamewa yana neman murya. Bakanike yana iya jin murya ya nemi ɗamewa. Tazarar bel tsakanin fuli biyu ai tsarkiya ce, sai dai mai kauri. Ka ɗan ƙyasta ta da yatsa, za ta yi wani gajeren "dum". Idan ka san sau nawa take kaɗawa a daƙiƙa, wanda ake aunawa da haz, to:

ɗamewa = 4 × nauyin mita ɗaya na bel × tsawo × tsawo × haz × haz

Mu koma misalinmu. A ce mita ɗaya na bel ɗin giram 100 ne, wato kilo 0.1, tazara kuma mita 0.25. Idan ya kaɗa sau 100 a daƙiƙa, sai ka samu 4 × 0.1 × 0.25 × 0.25 × 100 × 100, wato niyuton 250. Idan ya hau haz 110, ɗamewa ta zama kusan 302. Lura da kyau: murya ta hau da kashi 10 cikin ɗari, ɗamewa ta hau da kashi 21, wato irin abin da Vincenzo Galilei ya gani. Na'ura kuwa tana iya bambance haz 100 da 101 ba tare da wahala ba. Kwatanta wannan da milimita ɗaya na yatsa da ke jawo kuskuren kwata guda.

A ƙarshen ƙarni na 20 kamfanonin bel irin su Gates suka fara sayar da ma'aunai na hannu masu ɗan makirfo a baki, ka shigar da nauyi da faɗi da tazara, ka ƙyasta bel, su ba ka lamba. Yau wayar da ke aljihunka tana iya yin rabin aikin, domin manhajar saita jita ma haz take aunawa.

Kada dai ka ɗauka magana ta ƙare. Bel ba siririyar waya ba ne, yana da taurin kansa, don haka a gajeriyar tazara lissafin yana ɗan kaucewa. Makirfon waya ba ya jin murya mai kauri sosai, kuma idan janareta na ruri a shagon maƙwabci, shi za ta ɗauka. Ɗamewar ma ba ɗaya ba ce a kowane gefe, saboda sifirin ɗin bawul yana jan kamshaf. Shi ya sa littattafai ke cewa a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, a dawo kan alamar taimin, sannan a auna a wurin da aka ayyana. Ba sai na ce maka a kashe mota a zare makulli ba.

Akwai kuma zafi, wanda mu nan ba baƙonmu ba ne. Alminiyam yana buɗewa da zafi fiye da zaren gilashi kusan sau huɗu. A injin alminiyam mai tazarar santimita 40 tsakanin sandunan biyu, ƙarin zafi na digiri 60 yana nisanta su da kusan rabin milimita, alhali bel ɗin da ƙyar ya ƙara kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ma'ana bel yana ƙara ɗamewa da kansa idan injin ya yi zafi. Wanda aka ɗame da tauri a sanyi, da rana tsaka a hanyar Argungu ya wuce misali. Wanda aka saita a kan injin mai zafi kuma, da asuba lokacin hunturu zai yi sako-sako. Jiran da dattijon ya sa muka yi a inuwa yana da dalili.

Wannan matsala ta zafi ce ta sa daga shekarun 1990 yawancin kamfanoni suka koma tenshina mai saita kanta, ta sifirin ko ta mai. Mai sifirin tana da ɗan kibiya da tsaga, aikinka kawai ka daidaita su. Mai mai tana zuwa da fil a jiki, ka ɗaura ka zare fil ɗin. A irin waɗannan, murɗa bel da yatsa ba ya gaya maka komai, ƙara matse shi kuma ɓarna ne. Wasu kamfanonin ma sun koma sarƙa, kamar Corolla ta shekarun 2000 da ta cika tashoshinmu. Saboda haka idan za a canza maka bel, tambayar farko ita ce wace irin tenshina motarka take da ita, kuma a canza ta tare da bel ɗin, domin sau da yawa boris ɗinta ne ke fara mutuwa ya kashe sabon bel.

A Ambursa, kafin dattijon ya taɓa komai, na roƙe shi ya bari in ƙyasta bel ɗin. Ya yi wata 'yar ƙara mai kaifi. Ya sassauta goron tenshina, ya juya ta kaɗan, ya murɗa bel har ya kai kwata da ƙyar, ya ɗaure. Na sake ƙyastawa. Muryar ta sauka, har yaron shagon da direba suka ji bambancin ba tare da waya ba. Na nuna masa lambar da wayata ta bayar, na yi masa bayanin molo. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To nawa ya kamata ta nuna?"

Ba ni da amsa. Littafin wannan Golf murɗa ya ce a yi, bai ba da haz ba, ni kuma ban san nauyin mita ɗaya na bel ɗin ba. Ya ce in rubuta masa lambar da aka samu a bangon shago da alli, tare da sunan motar, domin idan wata irinta ta zo ya sa yaron ya gwada da tasa wayar. Na rubuta. Aka mayar da murfi, direba ya tayar da mota, kukan ya ɗauke, muka kama hanyar Argungu.